Yadda Ake Samo Matasan da Iyayensu Ke Shan Giya Domin Bincike a Birnin Kano

Mai binciken da ya ƙuduri aniyar nazarin rayuwar matasan da suka tashi a gidan da uba ko uwa ke shan giya zai tarar a Kano cewa tsara tambayoyi da lissafi su ne masu sauƙi. Aikin yana wajen samo yaran, kuma a samo su ba tare da an tona wa gidansu asiri ba. Wannan jagora domin ɗaliban digiri na biyu da na uku ne, da likitoci, da ma'aikatan jinya, da jami'an walwalar jama'a da ke shirin irin wannan aiki da yara 'yan shekara 13 zuwa 17.

Dole a fara da fahimtar inda ake. Tun shekarar 2000 da aka ƙaddamar da Shari'a a jihar Kano, shan giya laifi ne ga Musulmi, kuma hukuncinsa a fiƙihun Malikiyya bulala 80 ne. Hukumar Hisbah, wadda aka kafa da doka a 2003, tana kama giya tana farfasa kwalabe a bainar jama'a. Saboda haka yaron da ya buɗe baki ya ce "Babanmu yana sha" ya faɗi abin da zai iya kai mahaifinsa gaban alƙali. Ko maganar ba ta kai can ba, akwai abin da iyalai suka fi tsoro: ranar da za a zo binciken asali domin auren 'yar gidan, maƙwabci ɗaya ya ce "gidan mashayi ne" ya isa ya wargaza komai. Duk matakin da za ka ɗauka, ka auna shi da tambaya guda: shin wanda ya ga yaron nan ya shigo bincikena zai iya gane cewa ana sha a gidansu? Idan amsar e ce, tsarin bai yi ba, a sake.

Wani zai ce tunda abin yana da haɗari haka, me ya sa ba za a bar shi ba? Domin yaran suna nan, kuma shirun bai rage musu komai ba. Babban binciken da aka wallafa a Amurka a 1998 kan munanan abubuwan da ke samun mutum a ƙuruciya ya lissafa shaye-shaye a cikin gida cikin abubuwan da ke bin mutum har girmansa, a lafiyar jiki da ta ƙwaƙwalwa. Nazarce-nazarcen ƙasashen Yamma sun nuna ɗan mai fama da giya ya fi sauran yara yiwuwar faɗawa cikinta da kusan ninki huɗu, ko da yake mafi yawansu ba sa faɗawa. Amma waɗannan alƙaluma daga al'ummomin da ake sha a fili ne. Yaron Kano yana ɗauke da ƙarin nauyin ɓoyewa, kuma ba za a tsara masa taimako da bayanan wasu ba.

Mataki na farko: ka fayyace wa kake nema

Kafin ka rubuta wasiƙa ko ɗaya, ka zauna da wannan tambayar. Giya kaɗai kake nufi, ko kayan maye gaba ɗaya? A Kano bambancin yana da girma. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 ne a Nijeriya suka yi amfani da ƙwayoyi a shekarar da ta gabace shi, ya kuma ce a jihar Kano kashi 16 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 ne suka yi amfani da su, giya kuwa ba ta cikin wannan lissafin. Uban da ke shan giya sau da yawa yana haɗawa da wani abu, kuma akwai gidajen da matsalar ita ce kodin ko taramol a hannun uwa. Yaro ba lallai ya bambance abin da aka sha ba. Abin da ya sani shi ne Baba ya dawo ba ya cikin hayyacinsa.

Shawarata ita ce ka tambayi duka, sannan ka ware wajen nazari. Haka kuma ka fayyace ma'anar "iyaye". Yaro da yawa a hannun kaka suke, ko gwaggo, ko kawu, ko mijin uwa, musamman bayan mutuwar aure, kuma shan giyar kansa na cikin abin da ke kashe auren. Idan ka ce sai wanda ke zaune da mahaifinsa a yanzu, ka zubar da waɗanda abin ya fi taɓawa.

Mataki na biyu: izinin kwamitin ɗa'a

Ba a tunkarar yaro ko ɗaya, ko da sunan gwajin tambayoyi ne, sai da takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike a hannu. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da nasa kwamitin, Jami'ar Bayero ma haka, sannan Ma'aikatar Lafiya ta jiha tana da wanda ke duba aikin da za a yi a asibitocin jiha da cikin unguwanni. Dukansu suna bin kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa na 2007, wanda Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ƙara wa ƙarfi. Idan makarantun gwamnati za ka shiga, akwai izinin Ma'aikatar Ilimi da na Hukumar Kula da Makarantun Sakandare. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 kuma ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, ta ce bayanan wanda bai kai 18 ba sai da yardar iyaye ko waliyyi.

A cikin takardar neman izinin, kada ka taƙaita sashen samo mahalarta da layi biyu. Ka rubuta kalmomin da za a faɗa wa uba, da waɗanda za a faɗa wa yaro, da inda za a zauna, da abin da za ka yi idan yaro ya ce ana dukansa. Ka haɗa da fassarar Hausa ta kowace takarda. Ka ba wa wannan mataki watanni a jadawalinka.

Mataki na uku: shiga ta ƙofa

Kano tana da dalilinta na zargin masu bincike. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya ƙunshi yara kusan 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na birnin, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a nemi izininsu yadda ya kamata ba. Kamfanin ya musanta, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin jiha kan dala miliyan 75. Wannan tabon na cikin abin da ya rura ƙin allurar shan-inna a 2003 zuwa 2004. Iyayen yaran da kake nema yanzu sun taso da wannan labari. Idan wani dattijo ya ɗago maka shi, kada ka kauce. Ka ce gaskiya ne ya faru, sannan ka nuna masa cewa naka ba magani, ba allura, ba ɗibar jini, ga kuma takardar kwamiti da lambar da zai kira ya kai ƙararka.

Ana bin tsani: hakimi, dagaci, mai unguwa, sannan limami da shugabannin Islamiyya da ƙungiyar iyaye da malamai. Abin da za ka gabatar musu shi ne bincike kan lafiyar matasa da zaman gida, kuma ka faɗa musu a sarari cewa cikin tambayoyin akwai na shaye-shaye. Nan ne za ka gamu da tayin da ya fi kowane haɗari, kuma da kyakkyawar niyya zai zo. Mai unguwa zai ce, "Ai na san gidajen, bari in haɗa ka da yaro ya nuna maka." Ka yi godiya ka ƙi: "Ranka ya daɗe, ƙa'idar aikin ta hana mu ware gida. Duk matasan muke so, domin kada a nuna wani da yatsa." Dattijon kirki zai gane wannan nan take, domin shi ma rufin asirin jama'arsa ne aikinsa.

Mataki na huɗu: inda za a samo su

A Amurka masu bincike kan bi ta ƙungiyoyi irin Alateen, wadda aka kafa a 1957 domin matasan da ke da mai shan giya a gida, ko su liƙa sanarwa su jira a kira su. Sanarwar da ta ce "ana neman 'ya'yan masu shan giya" a Kano ba wanda zai amsa ta, wanda ma aka ga ya tsaya karanta ta ya shiga bakin mutane.

Hanyar da na fi amincewa da ita zagaye biyu ce. A zagaye na farko, ka ba wa dukan aji takardar tambayoyi iri ɗaya: barci, cin abinci, karatu, damuwa, zaman gida, sannan a tsakiya 'yan tambayoyi kan shan iyaye. Kowa ya amsa kowace tambaya. Kada ka sa tsarin "idan a'a ce amsarka, tsallake zuwa shafi na gaba," domin wanda ya daɗe yana rubutu ya fallasa kansa ga na kusa da shi. A tazarar da kujeru kamar ranar jarrabawa, malamin aji ya fita, kowa ya naɗe takardarsa ya jefa a akwati da hannunsa. Babu suna a kai, sai lamba, wadda ofishin bincike kaɗai ya san sunan mai ita.

A zagaye na biyu, ka gayyaci waɗanda amsarsu ta nuna ana sha a gida, haɗe da wasu da aka zaɓo ta hanyar ƙuri'a daga waɗanda ba haka ba. Mutum ɗaya ne a ofis zai haɗa jerin, kuma wanda zai je kiran yaran bai san wane ne wane ba. Abin da makaranta za ta sani shi ne an zaɓi wasu ɗalibai domin ƙarin hira. Wannan ya kare yaran, ya kuma ba ka rukunin da za ka kwatanta da shi.

Ka yi lissafin girman aikin tun da wuri. A ce misali kana buƙatar yara 100, kuma a ce ɗaya cikin 20 ne zai nuna alama a zagayen farko, to sai ka tambayi 2,000, kafin a cire waɗanda iyayensu za su ƙi da waɗanda za su janye. Gwajin farko a makaranta ɗaya ko biyu ne zai ba ka adadin gaskiya da za ka sa a wannan lissafin.

Game da ma'aunin kansa, wato jerin tambayoyin da ke gano ko iyayen yaro na da matsalar shan giya: akwai wanda aka sani da CAST mai tambaya 30, da gajerensa mai 6 da aka fitar a 1993, inda e uku ko fiye ke nuna alama. Kada ka fassara shi kawai ka raba. Cikin tambayoyin shida akwai ko yaro ya taɓa jin kamar ya ɓoye kwalbar mahaifinsa ko ya zubar, da ko ya taɓa gardama da shi yana cikin maye, da ko ya taɓa ba shi shawarar ya daina. Waɗannan sun ɗauka cewa kwalba tana cikin gida kuma ɗa yana iya ɗaga ido ya yi wa uba magana. Mutumin Kano da ke sha a waje yake sha, ya dawo tsakar dare, kuma ɗan da aka tarbiyyantar kan ladabi zai amsa a'a ga duka ukun alhali gidan na ci da wuta. Ka ƙara tambayoyin da suka dace da nan: ko yana jin warin wani abu idan Baba ya dawo, ko ana aikensa ɗauko shi daga wani wuri, ko kuɗin cefane kan yanke saboda wannan, ko yana jin nauyin kawo abokai gida. Mutum ɗaya ya fassara zuwa Hausa, wani daban da bai ga na asali ba ya mayar, a kwatanta, sannan a gwada da matasa kaɗan a ji kalmomin da suke amfani da su. Za ka ji "yana ɗan taɓawa," "yana kurɓa," "ya dawo a buge." Kalmar "mashayi" kada ta fito a takardarka ko a bakin ma'aikatanka. Yaro na iya ƙin halin ubansa, amma ba zai yarda baƙo ya zage shi ba.

Makaranta kaɗai ba ta isa ba, domin gidan da giya ta cinye kuɗinsa shi ne gidan da yaro ke barin karatu. Sai ka bi su inda suke: garejin kanikawa, shagunan ɗinki, wajen masu gyaran waya a Farm Centre, masu dako a Kantin Kwari da Singa, 'yan mata masu talla. A nan ma duk yaran wurin za ka gayyata, ta hannun ubangidansu, amma shi ubangidan ba ya zama wurin hira. Ka tanadi karanta wa wanda ba ya karatun boko, ko ka naɗi tambayoyin a murya ya saurara da iyafis ya danna amsa.

Akwai kuma hanyar asibiti: sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Malam Aminu Kano, asibitin Dawanau, da ɗakunan ganin masu ciwon hanta. Ƙa'idar a nan ita ce likitan da ke duba majinyacin shi zai fara tambayarsa ko ya yarda a yi masa bayanin binciken. Kai ba ka da hurumin buɗe fayil ka kwashi adireshi. Amfanin wannan hanya shi ne uban ya riga ya amsa cewa yana da matsala, kuma za a iya auna shansa kai tsaye da ma'aunin AUDIT na Hukumar Lafiya ta Duniya mai tambaya 10. Rauninta shi ne waɗanda abin ya yi wa tsanani kaɗai za ka samu.

Hanyoyi uku ka nisance su. Kada ka nemi mahalarta ta hannun Hisbah, 'yan sanda ko hukumar NDLEA, domin wanda ke tsare ba shi da bakin cewa a'a, kuma daga ranar za a ɗauke ka ɗan leƙen asirin hukuma. Kada ka tambayi yaro, "Ka san wani da babansa ke sha?" domin ka sa shi tona asirin gidan da bai ba ka izini ba. In kana son ya kawo abokai, ka ba shi katin gayyata na bai-ɗaya ya raba wa wanda ya so. Sannan kada ka tattara aikinka a Sabon Gari kaɗai don can ne aka san ana sayarwa. Masu zuwa can da dare daga ko'ina cikin gari suke fitowa, kuma binciken da ya tsaya a unguwa ɗaya zai ɗora tambarin a kan wata ƙabila ko wani addini, ya kuma ba da sakamakon da ba gaskiya ba. Ka baza zaɓenka a ƙananan hukumomin birni: Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Inda Hausa ba ta wadatar ba, a tanadi Turanci da Burokin.

Mataki na biyar: izinin iyaye

Nan ne ƙullin yake, domin wanda za ka nemi izininsa sau da yawa shi ne mai shan. Mafita ita ce a nemi izini tun kafin zagayen farko, daga iyayen dukan yaran, lokacin da kai kanka ba ka san gidan kowa ba. Izinin ya haɗa da yiwuwar hira ta biyu, don kada sai an koma wasu gidaje an bar wasu.

Faɗaɗa sunan binciken ba lasisin yaudara ba ne. Dole takardar ta ambaci shaye-shaye da sunansa. Ga yadda za a iya cewa: "Baba, barka da hutawa. Daga jami'a muke, muna bincike kan lafiyar matasa. Za mu tambaye su game da barci, karatu, damuwa, da yanayin gida, har da ko akwai mai shan giya ko wani abin maye a gidan. Duk 'yan ajinsu muke tambaya. Abin da yaro ya faɗa ba za mu gaya wa makaranta ba, ko hukuma, ko ku kanku, sai fa idan rayuwarsa ko lafiyarsa na cikin haɗari. In ba ku yarda ba, ba abin da zai shafi karatunsa." Wasu za su ƙi da jin haka, kuma wataƙila cikinsu akwai gidajen da ka fi so. Ka karɓi wannan asarar, ka rubuta adadin waɗanda suka ƙi, ka bayyana shi a rahotonka.

Idan ka tarar da uba ba ya cikin hayyacinsa, sa hannunsa ba izini ba ne. Ka gaishe shi, ka dawo da safe. Gidan da ba a shiga, mace ce za ta shiga wajen uwa. Idan uwar ta ce, "Sai Malam ya dawo," a bar ta. Kada ma'aikaciyarka ta lallashe ta ta dangwala a ɓoye, domin ita za ta kwana a gidan idan maganar ta fito, kuma abin na iya kai wa ga duka ko saki. Wanda ba ya karatu a karanta masa a gaban shaidar da shi ya zaɓa, ya dangwala yatsa. Yaron da ke hannun riƙo, mai riƙon da ke ɗauke da nauyinsa ne ake nema. Almajirin da iyayensa ke wani gari, da yarinyar da aka aurar kafin ta kai 18, ka kai batunsu gaban kwamiti tun farko ya yanke wanda zai ba da izini. Ɗage sharaɗin izinin iyaye ma kwamiti ne kaɗai ke da ikonsa.

Mataki na shida: yardar yaron kansa

Ƙa'idar ƙasa ta ce daga shekara 12 zuwa ƙasa da 18 sai an nemi yardar yaro bayan izinin iyaye, kuma in ya ƙi, ƙinsa ne ke tsayawa. Matsalar ita ce an koya wa yaranmu cewa babba ba a ce masa a'a. Yarinya za ta sunkuyar da kai ta ce "to," kuma wannan "to" ɗin ladabi ne kawai. Ka roƙe ta ta maimaita da bakinta: me za a tambaye ta, wa zai ji, me zai faru in ta fasa. Ka ba da hanyar ƙi wadda ba sai an furta ba. A aji, wanda ba ya so ya zauna a wurinsa ya mayar da takardar ba rubutu, a naɗe kamar ta kowa. A hira, a ce masa, "Ƙanina, duk tambayar da ba ka so, ka ce mu wuce, ba sai ka faɗi dalili ba."

Wurin hira ya zama inda ake ganinku amma ba a jin ku. Mace da mace, namiji da namiji. Kada a yi a zauren gidansu ko ofishin shugaban makaranta.

Mataki na bakwai: waɗanda za su yi aikin

Ka ɗauki matasan da suka girmi yaran kaɗan, irin waɗanda za a kira Yaya ko Anti, masu Hausar Kano a baki, amma kada ka tura kowa unguwarsu. Ɗan Gwale ya yi aiki a Tarauni. Su sa hannu a takardar riƙe sirri, a kuma horar da su da wasan kwaikwayo: ga uba mai faɗa, ga yarinya ta fashe da kuka, ga malami yana cewa "me wance ta ce muku?" A nanata musu cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, har a gidajensu. Kuma ba wa'azi. Ma'aikacin da ya ji yaro ya ce babansa na sha ya yi salati ya girgiza kai, ya rufe bakin yaron har abada.

Mataki na takwas: idan yaro ya faɗi abin da ba za a yi shiru a kai ba

Zai faru, don haka a shirya kafin a fita. Wani zai ce ana dukansa har da rauni, wata za ta ambaci lalata, wani zai ce ya gaji da rayuwa. Jihar Kano ta samu dokar kare yara a 2023, kuma ko ba doka, ba a jin irin wannan a rufe littafi a tafi. Ka ƙulla yarjejeniya tun farko da likitan ƙwaƙwalwa ko mai ba da shawara wanda zai karɓi yaro a ranar, da jami'in walwala a Ma'aikatar Mata, da cibiyar Waraka da ke Asibitin Murtala domin abin da ya shafi cin zarafi ta hanyar lalata. Ka ware kuɗin mota da na katin asibiti a kasafinka. Ka gaya wa yaron abin da za ka yi kafin ka yi shi, ka tambaye shi wane babba ya amince da shi a dangi. Sau da yawa akwai wata gwaggo ko wani kawu da ya daɗe da sanin halin da ake ciki.

Shan uba shi kaɗai ba dalilin kai rahoto ba ne. A bambance wannan sosai ga ma'aikata. Sannan kowane mahalarci, mai alama da marar alama, a ba shi takardar wuraren neman taimako iri ɗaya.

Mataki na tara: tukuici da bibiya

Abin da za a bayar ya zama na mayar da kuɗin mota da lokacin da aka ɓata, daidai ga kowa, har da wanda ya janye a tsakiya. Idan ya yi yawa, uba zai tilasta wa ɗa, yara kuma za su ƙirƙiro labari. Kuɗi a hannu na iya ƙarewa a inda kake nazari a kai, don haka littattafan rubutu, sabulu ko abinci sun fi. Ɗan gareji da mai talla kuwa cinikin yini suke rasawa, sai a tattauna da kwamiti yadda za a biya musu.

Wayar da yaro ya ba ka lambarta galibi ta uwarsa ce ko ta yayansa. Saƙo kada ya wuce "Ana tuna maka hirar lafiyar matasa ranar Asabar." Ba a buɗe zauren WhatsApp na mahalarta, ba a ɗaukar hoto domin rahoto. Ka kauce wa lokacin jarrabawar WAEC da NECO, da ranar Juma'a, da lokutan Islamiyya. Watan azumi ma ka yi tunani a kansa: masu sha da yawa kan dakata, don haka tambayar "a cikin kwana 30 da suka wuce" za ta ba ka amsar da ba ta wakiltar sauran shekara. Gara ka tambayi watanni 12.

Mataki na goma: adana bayanai da mayar da sakamako

Jerin da ya haɗa suna da lamba ya zauna daban da takardun amsa, a kulle, a hannun mutum ɗaya ko biyu, a kuma lalata shi a ranar da aka rubuta wa kwamiti. Kwamfuta da wayoyin aiki su kasance da kalmar sirri, muryar da aka naɗa a goge ta da zarar an rubuta. Wajen kawo maganar yaro a rahoto, a cire sana'ar uban da sunan unguwa da adadin matansa, domin "direban tifa mai mata uku a wata unguwa ta Dala" suna ne ga wanda ya san wurin. Kada a fitar da sakamako makaranta-makaranta ko unguwa-unguwa.

Idan an kammala, a koma wajen hakimi da masu unguwanni da shugabannin makarantun da suka buɗe ƙofa, a yi musu bayanin abin da aka gano da Hausa, a dunƙule, a miƙa kwafi ga Ma'aikatar Lafiya da ta Ilimi. Yaran ma a shirya musu taƙaitaccen bayani na shafi ɗaya, a raba wa dukan azuzuwan da aka shiga, tare da sunayen wuraren neman taimako a bayansa.